Karyar da Aka Bari a Filato

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. Daga ƙasar Ƙonni na taso ina saurayi, na bi shanu har Bobo, aka loda mu a jirgin ƙasa ni da su, na sauka Abijan ban ƙara komawa ba. A Tireshbil na yi aure, muka kama ɗaki a wani gidan haya can wajen da yanzu ake kira Biyafara. A lokacin babu wannan suna, rairayi ne da ɗakunan katako da rijiya ɗaya a tsakar gida. Mai gidan dattijo ne ɗan ƙasarmu, falken goro, shi ke saukar da baƙin da suka zo daga arewa, kowa Baba yake kiransa.

Aikina kullum ɗaya ne. In mun gama yanka da safe sai in ɗauki nama a tire, in haye gadar nan mai lilo bisa ruwa, in shiga Filato, unguwar Nasara, in bi ƙofofin baya. Ƙofar gaba ba tamu ba ce. Da kukun kowane gida nake hulɗa, shi zai zaɓa, shi zai raina, shi zai saya.

Akwai wani gida na wani Nasara mai aikin katako da matarsa. Suna da karya ja, mai dogayen kunnuwa, gashinta har sheƙi yake yi. Kukun gidan, wani mutumin ƙasar Mosi mai haƙuri, kullum sai ya sayi hanta daban, ya ce ta karya ce. Hantar da matata ba ta gani sai ranar salla. Da sabulu ake mata wanka. Na sha ganin madam ta ɗauke ta a ƙirji tana mata magana kamar jaririya.

Sai yaƙin duniya ya zo. Jiragen ruwa suka rage zuwa, sabulu ya ɓace, kananzir ya ɓace, yadi ya zama sai wane da wane. Aka kira maigidan soja, madam ta tafi Dakar, aka sallami kuku. Na daina bin wannan layi tunda babu mai saye.

Wata rana na ratso ta bayan gidan don in yanke hanya, na ji wani irin sauti. Ba haushi ba ne, kamar ƙarar tsohuwar ƙofa ce da iska ke turawa. Na aje tire, na taka tubali, na leƙa ta kan katanga.

Tana ɗaure da sarƙa a gindin mangwaro. Ƙasar da ke kewaye da ita ta tone ta iyakar inda sarƙar ta kai. Ta gwagwiye ɓawon itacen har ya yi fari. Ga kwano a kife. Ruwan sama da ke taruwa cikin ramin da ta tona, shi ya riƙe ranta. Haƙarƙarinta ana iya ƙirgawa daga inda nake, wuyanta ya tsage inda sarƙar ta ci, ƙudaje sun rufe shi. Amma cikinta a kumbure, ciki ne da ita.

Na dira cikin gidan. Kafin in kwance ta na leƙa ta tagar falo, abin da na gani shi ne ya fara hura mini wutar da har yau ba ta mutu ba. Kujeru duk an lulluɓe su da farin zane don kada ƙura ta taɓa su. An naɗe shimfiɗar ƙasa an jingine. An rufe kowace taga an sa sakata. Mutanen nan sun zauna sun tuna da kujera, sun tuna ƙura za ta ɓata ta. Abin da ke numfashi kuwa, wanda suke sumbata a gabana, suka ɗaure shi da ƙarfe suka juya baya. Ko kwance ta ba su yi ba ta je ta nemi abinci a juji kamar karnukan talakawa.

Ni ba mai son kare ba ne. A mahauta muna jefa musu hanji, mu kore su da dutse in sun matsa, iyakarmu ke nan. Ban taɓa sa hannu na taɓa kare ba sai ranar. Na sami wani buhu a bayan kicin, na naɗe ta, na saɓa a kafaɗa, tire a ɗaya hannun. A kan gada mutane suna ta dariya. Wani ya ce da Julanci, yaren kasuwar garin, “Ku zo ku ga Bahaushe ya goya kare!”

Da na shiga gida matata tana tankaɗe. Ta dubi buhun, ta ga kunne ya leƙo, ta miƙe tsaye.

“Malam, mene ne wannan?”

“Abin da kika gani.”

“A gidan nan? Kusa da rijiya da butocin alwalar mutane?”

Na buɗe buhun. Ta ga wuyan. Ta koma ta hura wuta, ta ɗora ruwa ta zuba gishiri. Ita ta riƙa tsince tsutsotsin da tsinke ina riƙe da kan karyar, ita ta shafa man kaɗanya. Tana yi tana tsine wa wanda ya yi wannan aiki, ita da ban taɓa jin ta zagi kowa ba.

Da la’asar Baba ya dawo, labari ya riga shi zuwa. Ya tsaya daga nesa, ya tattare rigarsa.

“Kai, gidana ba gidan Nasara ba ne. Fitar da ita.”

Na durƙusa na ce, “Baba, a yi haƙuri. Ko tsayuwa ba ta iya yi, ga ciki. In na fitar da ita yau, gobe mushe ce.”

“To ta mutu mana. Kai ka haife ta?”

Malamin da ke karantar da yara a zauren gidan ne ya sa baki. Ya ce rai rai ne, a killace ta nesa da kwanuka da butoci har ta haihu ta yaye, sannan a nema mata inda za ta yi gadi. Baba ya yarda ba don yana so ba. Na kafa mata ɗan shinge a bayan makewayi.

Ashe wahalar ba ta cikin gida ba ce. Ba a daɗe ba wata magana ta fara yawo a kasuwa: mahaucin nan fa kare yake kiwo a bayan ɗaki, ku lura da abin da yake sa muku a tsire. Na san bakin da ta fito, teburinsa yana kallon nawa, tare muke sahu a masallaci. Mata da suka shekara suna saye a wurina suka riƙa wucewa suna kau da kai. Wata ta tsaya ta ɗaga cinyar akuya tana juyawa, tana duba kofato. Na karɓe daga hannunta na ce ta je ta saya inda hankalinta ya kwanta. Da yamma nakan koma da ragowar nama, a lokacin da naman ma sai an sha wuya ake samu.

Ta haifi ’ya’ya, uku suka rayu. Nan na ga wani halin mutane. Waɗanda ke tofar da yawu in sun wuce shingen, su ne suka riƙa zuwa a ɓoye suna cewa a aje musu ɗaya, ai ɗan karen Nasara ne. Kowa yana so a baki.

Na farko wani mai koro shanu ya ɗauka, ya sa shi cikin jakarsa ya yi arewa da shi. Shi kaɗai ne hankalina ya kwanta a kansa, don na ga yadda ya tauna nama ya sa masa a baki.

Na biyu wani mai kanti ya karɓa, ya rantse mini zai riƙe shi amana, yana son mai gadin kaya. Ba a jima ba na fito da safe na tarar da ɗan kwikwiyon ɗaure a ƙofar ɗakina da igiyar buhu. Ko sallama mutumin bai yi ba. Na ɗauke shi na tafi kantin.

“Me ya yi maka?”

“Kuka yake yi, ga ci. Kuma bai iya gadi ba.”

“Bai iya gadi ba? Jiya-jiya aka cire shi daga nono! Kai da aka yaye ka kanti ka buɗe?”

Mutane suka taru, aka ba ni haƙuri. Daga baya na samu wani mai wankin kaya a rafin Banko ya karɓe shi, don ɓarayi na kwashe masa shanya.

Na ukun shi ne ya fi ƙona mini rai. Wani akawu ne, mai farin wando da hular kwano, ya zo har gida ya ce yana son wanda ya fi kama da uwar. Ya saya masa ɗan abin wuya, yana yawo da shi ranar Lahadi mutane suna kallo. Da kwikwiyon ya girma, kamannin ubansa suka fito, kunnuwa suka miƙe, ya zama karen unguwa kamar kowane kare. Sai akawu ya daina sha’awa. Na gan shi a jujin kasuwar Ajame, ƙazuwa ta cinye masa baya, abin wuyan nan har ya shige cikin fata don ba wanda ya sassauta. Na kira, ya gudu. Na yi ta dawowa da ƙashi ina lallashi. Kafin ya yarda da ni, masu zuba wa karnukan titi guba suka bi ta kasuwar. Na je ofishin akawun na jira shi a bakin ƙofa. Da na gaya masa, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Ai ba na asali ba ne, kai ka cuce ni.” Allah ne ya riƙe hannuna ranar.

Saura uwar. Ita kam babu mai so. Wuyanta ya warke amma gashi bai sake fitowa ba, ga shi in ta ga igiya a hannun mutum sai ta yage baki ta kai cizo. Baba kuwa kullum in mun haɗu a bakin rijiya sai ya ce, “An yaye ko ba a yaye ba?” Na yi ta yawo da ita, daga masu lambu zuwa masu gadin sito. Wani ya ce tsohuwa ce. Wani ya ce sai in ɗaure masa ita ya gani, na ce ba a ɗaure ta, ya ce to me zai yi da ita. Wani kuma na ga irin kallon nama da yake wa cinyoyinta, na kira ta muka wuce.

A Ajame, kusa da inda ake sauke shanu, akwai wata tsohuwa ’yar asalin wurin, mai yin aceke, wato garin rogon nan da ake turarawa. A wurinta nake cin abinci in na je sayen dabba. ’Ya’yanta biyu maza, ɗaya an kwashe shi aikin dole, ɗaya soja. Ita kaɗai ce a gida, aladu da awakin maƙwabta suna mata ɓarna a shanyar rogo. Julancinta kaɗan ne, nawa ma haka, amma muna fahimtar juna. Ran nan na zauna ina ci, karyar na kwance a gefen ƙafata. Tsohuwar ta daɗe tana kallon wuyan. Ta ɗauko kan kifi ta aje a ƙasa, ba ta jefa ba, ta koma kan aikinta. Karyar ta ci, ta je ta kwanta a inuwar rumfarta.

Na ce, “Iya, ba a sa mata igiya.”

Ta ce, “Ni ma ba ni da igiya. Kai dai ka riƙa kawo ƙashi.”

Na riƙa kaiwa. Shekarun da suka rage na yaƙin duk a can ta yi su. Ta yi ƙiba, gashinta ya dawo ja ko da babu sabulu. Aladu suka daina zuwa. In tsohuwar za ta gona tana gaba, in ta dawo da itace a ka tana baya. Ta sa mata suna da yarensu. Wata rana na tarar tsohuwar ba ta da lafiya, tana kwance a tabarma, karyar ta ɗora haɓa a kan ƙafarta, ta hana ni matsowa sai da aka yi mata magana. Ni da na goyo ta daga Filato.

Yaƙi ya ƙare, jirage suka dawo, Nasara suka dawo. Wata safiya ina sara ƙashi sai ga kukun nan ɗan Mosi a gaban teburina, yana ta murza hularsa. An mayar da shi aiki.

Ya ce, “Maigida yana cigiyar karyarsa.”

Na aje gatari. “Wace karya?”

“Ka sani. Mai lambun maƙwabta ya ce ya ga wani mahauci ya haura katanga.”

“Mai lambun ya ga na haura, amma bai ji kukanta ba duk kwanakin da ta yi tana cin itace? Je ka ce masa ta mutu. Ai don ta mutu ya bar ta.”

Ya ce madam ta ce ta bar wa maƙwabta saƙo su ɗauke ta, su kuma maƙwabtan sun ce ba wanda ya gaya musu. Na ce su je can su ƙarata.

Kuku ya kai saƙona, amma Nasaran bai yarda ba. Ya ɗauko gardi ɗaya, wato ɗan sanda, suka zo gidanmu ina mahauta. Matata ta ce ba ta san komai ba. Baba ne ya fito da sauri yana gyara rawani, ya ba su labari tun daga farko, har da kwatancen rumfar tsohuwar, har da bishiyar da ke gabanta. Ba wanda ya daka masa tsawa, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Tambaya ɗaya aka yi masa.

Suka biyo ta kasuwa suka ɗauke ni a bayan kamiyo, motar ɗaukar kaya, a gaban wanda ya ɓata mini suna, yana murmushi. Muka haye gada, muka ratsa Filato, muka hau Ajame.

Tsohuwar tana tsaye da rariya a hannu. Karyar ta fito tana haushin mota. Na diro na ce wa kuku, “Gaya masa yadda na same ta. Gaya masa sarƙa, gaya masa tsutsa, gaya masa ciki ne da ita.” Na yi magana mai tsawo, kuku ya juya ta da Faransanci cikin kalmomin da ba su kai yatsun hannu ba. Nasaran ya amsa ba tare da ya dube ni ba. Kuku ya ce, “Ya ce daga Faransa aka kawo ta, tasa ce. Ya ce ka gode da bai sa an kulle ka ba don haura masa gida.”

Sai ya yi fito, ya kira wani suna.

Ta tsaya cak, ta ɗaga kunne. Ya sake kira. Wallahi da gudu ta tafi. Tana kuka, tana birgima a gaban takalmansa, tana tsalle tana lasar hannunsa, har fitsari ya kuɓuce mata don murna. Mutumin da ya ɗaure ta ya tafi. Na tsaya ina kallo, na ji haushinta ya kama ni kamar in rufe ta da duka. Na san dabba ce, ba ta da laifi, amma ban iya hana zuciyata ba.

Ya tsuguna yana shafa ta, hannunsa ya kai kan tabon wuyan. Ya buɗa gashin ya duba. Sai a lokacin ya ɗago ya kalle ni, fuska a murtuke, ya yi tambaya. Kuku ya sunkuyar da kai.

Na ce, “Me ya ce?”

“Ya ce wa ya yi mata wannan.”

Ban san sa’ad da na yi kansa ba. Da Hausa nake ihu, na ce kai ne, kai da matarka, ku da kuka lulluɓe kujeru, azzalumai marasa kunya. Gardin ya tare ni da gindin bindiga a ƙirji, na faɗi zaune cikin ɓawon rogo. Kafin numfashina ya dawo an buɗe ƙofar gaba, karyar ta yi tsalle ta hau kujera kusa da shi. Kuku da gardi suka hau baya. Suka bar ni a nan.

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta aje rariyar, ta je ta ɗauki kaskon da karyar ke shan ruwa, ta zubar, ta kife shi a jikin bango. Ta ba ni ruwa na sha. Na miƙe na kama hanya.

Da ƙafa na koma Tireshbil. Na tarar da Baba a zaure cikin baƙinsa. Ban durƙusa ba.

“Baba, me tsohuwar nan ta yi maka?”

“Wace tsohuwa? Kai, so kake a sa mini ido a gida saboda karya? Ni ina da kaya a tasha, ina da baƙi. Wanda ya zo da gardi ba a yi masa ƙarya.”

“Ba a ce ka yi ƙarya ba. Shiru ma ya isa.”

Ya ce in na ga gidan ya yi mini ƙunci, ƙofa a buɗe take. Kafin wata ya mutu muka kwashe kayanmu muka koma Ajame, na kafa tebur a can. Ban ƙara shiga zaurensa ba har ya rasu. Na je jana’iza, na yi masa addu’a, amma ban ce na manta ba.

Kuku ya zo sayen hanta sau ɗaya, na ce babu, ga ta kuwa a gabansa. Bayan wani lokaci muka haɗu a tasha, an sake sallamarsa. Ya ce an mayar da maigidan can arewa wajen Bwake. Na tambaye shi ko sun tafi da ita. Ya ce bai sani ba, an sallame shi kafin su ɗaure kaya.

A Ajame suna ya riga ya bi ni. Duk wanda ya tsinci kwikwiyo a kwata, ko wani ya tashi ya bar kare a kango, sai a ce a kai wa mahaucin nan. Ina faɗa, ina zagi, ina karɓa. Na farkon da aka kawo, wani baƙi mai farin ƙirji, na wanke shi na kai wa tsohuwar, don aladun sun dawo mata. Ta dube shi yana rawar jiki a hannuna, har ta miƙo yatsa ya lasa. Sai ta janye hannun ta goge a zane.

Ta ce, “Tafi da shi. Wannan ma da mai shi a wani wuri.”

Na ce, “Iya, a juji aka same shi, ba shi da kowa.”

Ta juya ta ci gaba da tankaɗe. Na tsaya kaɗan, na ga ba za ta waiwayo ba, na kawo shi gida. Matata ta dube ni, ta dube shi, ta ja tsaki, ta tashi ta nemo masa kasko.